Marayu Biyar a Tankin Ƙaguwa

Daga bakin teku

Uwar Birai,

Sallama irin ta wanda ya daɗe bai rubuto ba, ya kuma san zai sha gori. Ina fatan kina lafiya, ke da 'ya'yanki masu jela. Mu nan lafiya lau. Baba ne dai gwiwar nan ba ta barinsa ya sauko daga bene sai an riƙe shi, kuma kullum sai ya tambaya ko 'yar ƙanwarsa ba ta gaji da zaman daji ba. Maiɗakina tana gaishe ki. Idan kin ji daga Gwaggo ki faɗa min yadda hawan jininta yake.

Kin san halina, ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Shawara nake nema, kuma tunda waya ba ta shiga dajinku dole in bi ta hannun direban da yake kai muku kaya. Ke kaɗai ce a danginmu wadda sana'arta rainon marayun da ba mutane ba.

Aikina bai canja ba. Ina tsayawa inda jiragen kamun kifi suke sauke kaya, in auna abin da suka kamo, in rubuta wa ofishin bincike. Lokacin da na fara, kifin shak mai kan guduma ba abin kallo ba ne a nan. Shi ne wanda kansa yake a baje, ido ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. Jibge su ake yi, a yanke fikafikan a sayar, a bar gangar jikin wa masu banda. Sai suka fara ja baya. Rabon da in ga ko ɗaya tun kafin ki tafi dajin nan.

Shekaranjiya jirgin Dogo ya shigo da mace, ƙatuwa, ta riga ta mutu a cikin raga. Ina durƙushe ina auna ta sai na ga cikinta yana motsi. Na ce wa Dogo ya farke. Ya ce, "Kai dai ba ka rabo da neman magana," amma ya farke. 'Ya'ya ne fal a ciki, yawancinsu sun mutu, biyar suna motsi. Kowanne bai wuce tsawon hannuna daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba, kawunan nan nasu da taushi kamar kunnen jariri. Wata mai sayar da kifi ta ara min baho, na kwashe su da gudu zuwa gidan ƙanƙara. Akwai tsohon tankin siminti a can da ake ajiye ƙaguwa masu rai a da, da injin da yake jawo ruwan teku. Mai gidan ya ce in zuba, amma man injin nawa ne.

Na kira ofis. Shugabanmu ya ce aikinmu awo ne ba kiwo ba, in yi yadda na ga dama. Abin da na karanta kuma ya ce irin waɗannan ba sa buƙatar uwa, ana haihuwarsu suke kama gabansu a ruwa marar zurfi a bakin kogi. To, na je na tsaya a bakin kogin namu. Raga ce a kan raga, har da masu kamu da gidan sauro. In na sake su a can, kamar na zuba su a kwandon wani ne da hannuna.

Kuma ba zan ɓoye miki ba, shekara da shekaru gawarsu nake aunawa, ban taɓa ganin mai rai ba sai yanzu. Ina tsayawa a bakin tankin har ƙafafuna su yi tsami. In sake su, ko in riƙe? Ki ba direba amsa a wannan zuwan, kada ki ce sai kin gama ba wa 'ya'yanki nono.

Ɗan kawunki


Daga sansanin daji

Sarkin Ƙarni,

Amin, wa alaikas salam. Tun kafin direba ya miƙo ambulan na san daga gare ka take, hancina ne ya faɗa min. Lafiyata ƙalau, zazzaɓi ya ɗan taɓa ni da farkon damina ya sake ni. Inna ta aiko cewa jinin ya sauka, ta koma faɗa da maƙwabta, ka ga an samu sauƙi ke nan. Ka ce wa Kawu ban gaji ba. Ka gaishe min da 'yar uwata, matar da ta fi kowa haƙuri da wari a duniya.

Wato sai da ka zama uban marayu ka tuna da ni. Kai da ka ce a gaban dangi an kashe wa Inna kuɗin makaranta don 'yarta ta je ta goya biri. Na yafe maka saboda biyar ɗin nan, don ni ma da na karanta sai da tsigar jikina ta tashi.

Ga amsata: kada ka sake su. Farkon zuwana nan na tarar ana rainon wata 'yar biri da mafarauta suka kashe uwarta. Waɗanda na tarar suka ce ai garke zai karɓe ta, haka yake a rubuce. Suka ɗora ta a kan reshe kusa da garken muka koma sansani. Washegari a gindin bishiyar muka same ta, tururuwa sun riga mu. Tun daga ranar muka kafa doka, maraya ba ya fita daga hannunmu sai mun gani da idonmu yana cin abinci da kansa. Ba mu sake rasa ko ɗaya ta wannan hanya ba. Littafin da ya ce maka naka ba sa buƙatar uwa, a ruwan da babu raga aka rubuta shi. Ka bari su ci, su yi ƙwari, sannan ka nemi inda za ka kai su.

Yanzu haka da nake rubutun nan akwai wani a ƙirjina, cikin zanen da na ɗaure. Maƙale muke ce masa. An sare bishiya da uwarsa a kai, aka same shi maƙale da gawarta. Irin jajayen biran nan ne masu cin ganye, ba su da babban yatsa, da yatsu huɗu yake damƙar wuyan rigata. In na ajiye shi don in yi wanka, kukan da yake yi sai ka ce ana yanka shi. Ayaba nunanniya ma ba ya iya ci, kumbura masa ciki take yi, sai madara a fida da ɗanyen toho.

Kuma don Allah kada ka zo min da gasar kuka. Taka biyar ta bar maka a ciki ɗaya, ka ce ma sun fi haka. Tawa ɗaya tal take haifa, ta yi ta fama da shi kusan shekara biyu kafin ta sake. Garke uku suka rage a duk dajin nan, kowane biri na san fuskarsa, na san uwarsa. Kai kana da teku guda da ba wanda ya san ƙarshensa, wa ya san nawa ne suke ɓoye a ciki?

Ka rubuto da zarar sun fara ci.

'Yar gwaggonka


Daga bakin teku

Uwar Birai,

Gaisuwa da fatan zazzaɓin bai waiwayo ki ba. Baba ya ji daɗin saƙonki, ya ce taurin kan na gidansu ne. Kowa lafiya.

Na bi maganarki, ban sake su ba. Amma ba sa ci. Na yanka ƙananan kifi, na ɓare jatan lande, na ɗaura a zare ina jansa a gabansu kamar mai rai, ko kallo bai ishe su ba. Maiɗakina ta ce firjinta ya zama na kifin da ba ya cin kifi. Mafi ƙanƙantar cikinsu ya mutu ranar Talata, na same shi a ƙasan tankin cikinsa a sama. Na auna shi na rubuta, tunda shi ne aikin da na iya. Sauran huɗun sun goge gefen kawunansu da bangon siminti har fata ta saluɓe kusa da ido. Na samo tsofaffin katifu na jera a jikin bangon.

Kin ce kada in yi gasar kuka, amma ke kika fara. Gaskiya ne tawa tana haifar 'ya'ya da yawa, sai dai tana shekaru masu yawa kafin ta kai haihuwar fari, kuma raga ba ta jiran kowa ya girma. Wadda Dogo ya kawo ta tsallake duk shekarun nan, saura ƙiris ta sauke cikinta. Sannan naki in ya mutu ana samun mai kuka, fuskarsa kamar ta wani tsohon kawu, har hotonsa ake sawa a jikin riga. Nawa kuwa mutane sun yi ta zuwa kallo a gidan ƙanƙara. Wata mata ta leƙa, ta ja ɗanta baya ta ce, "Wai masu cin mutanen ne kake kiwo? Allah ya shirye ka." Na ce mata bakinsu ko ɗan yatsanta ba zai ɗauka ba. Ta ce ai za su girma.

Kin kuma ce kin san naki da fuska, kamar abin tausayi ne. Ni da na samu haka! Ke in ɗaya ya ɓace kin san ya ɓace. Ni ba na ganin nawa sai an kashe su, in kuma ban gan su ba, ban san ko tsira suka yi ko ƙarewa suka yi ba.

Abu ɗaya ne ya canja. Sun daina gudun nan na hauka da karo da bango. Yanzu sun yi sanyi, a hankali suke tafiya can ƙasa-ƙasa, ɗaya ma har yakan ɗan kwanta kafin ya tashi. Kin ga inda muke. In ci gaba da jira?

Ɗan kawunki


Daga bakin teku

'Yar Gwaggo,

Ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru. Mu dai muna nan. Na je tashar mota har an fara gane ni, aka ce ruwa ya cinye gadar hanyarku, direbanku yana can ya maƙale. Zan bar wannan a wurin mai shagon tashar, duk ranar da aka samu mai zuwa.

Saura biyu. Na ukun ya mutu ne ranar da aka ɗauke wuta da tsakar rana, injin janareta kuma ya ƙi tashi. Ni da maiɗakina muka yi ta ɗebo ruwan teku da bokiti muna juyewa a tankin, ita da ba ta taɓa shiga gidan ƙanƙara ba don ƙyama. Ta bar ɗinkin mutane a kan keke ta zo. Da wutar ta dawo ta zauna a kan akwatin kifi, zanenta sharkaf, ta ce, "Ni fa ban gane ba. Kai ne ka yi karatun kifi, ko 'yar gwaggon taka?"

Har yanzu ba wanda ya ci ko loma. Sun rame, kai ya fi jiki. Kullum da safe sai in ce yau zan kai su ruwa, sai in tuna 'yar birin nan taki da tururuwa, sai in koma yanka jatan lande. Kin ɗaure ni da doka kin tafi kin bar ni. Mai gidan ƙanƙara ma ya fara cewa yana son tankinsa, wai zai koma harkar ƙaguwa.

Ki ce wani abu, ko zagi ne.

Ɗan kawunki


Daga sansanin daji

Sarkin Ƙarni, uban 'yan huɗu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, har na yi ƙiba, in ka ji Inna ta ce na rame kada ka yarda. Wasiƙarka da ka ba ni labarin mutuwar ƙaramin ta shigo a motar ƙarshe kafin ruwa ya tafi da gada. Ban san ranar da wannan za ta fita ba, amma gara in rubuta tun ina cikin murna.

Ka yi haƙuri da ƙaramin. A kowane raino ana rasa mai rauni, kada ka sa a ranka. Amma kai, ka ɓoye albishir a ƙarshen takarda kamar ba komai ba! Ka ce sun daina haukan gudu, sun yi sanyi, ɗaya har yana kwanciya. Ai shi ke nan, ka ci gari. Wallahi da na karanta sai da na yi tsalle, Maƙale ya tsorata ya cije ni a kafaɗa. Haka suke yi duka. Shi ma da aka kawo shi kwana ya yi yana ihu yana dukan keji, ko fida ba ya kallo. Ranar da ya yi lamo ya kwanta a jikina, a ranar ya fara sha. Tsoro ne yake hana maraya ci, in tsoron ya kwanta yunwa za ta tashi. Ka rage masu zuwa kallo, ka rufe rabin tankin da buhu ya yi duhu, ka ƙara haƙuri kaɗan. Kada ka kuskura ka karaya yanzu da abu ya zo gangara.

Na karɓi maganarka ta fuska, ka ci wannan. Ban taɓa tunanin cewa rashin gani ma wani ciwo ne ba. Amma sanin fuska ba daɗi ne da shi ba kullum. Akwai wata tsohuwa a garken gabas mai yagaggen kunne, rabona da ita tun farkon damina, har yanzu in na ɗaga kai ita nake nema.

Maƙale ya fara tsinkar toho da kansa. Jiya ya hau saman tankin ruwanmu ya ƙi saukowa, sai da na yi kamar zan tafi in bar shi. Da ruwan nan dai mun huta da ƙarar injin masu yankan katako, ita ce kaɗai ribar karyewar gada.

Ka ajiye min ɗaya in zo in gani, in ya yi kama da kai in faɗa maka.

'Yar gwaggonka


Daga bakin teku

'Yar Gwaggo,

Wasiƙarki ta iso. Muna lafiya. Baba ya ɗan yi mura, ya warke.

Saura ɗaya.

Na karanta inda kika yi tsalle har sau biyu, sannan na ba maiɗakina ta karanta, don in tabbatar ba idona ba ne. Irin wannan kifin da tafiya yake numfashi. Sai ruwa yana ratsa tsagar wuyansa yake samun iska, shi ya sa tun daga haihuwa har mutuwa ba ya tsayawa. In kin ga ya kwanta, shaƙewa yake yi. Abin da na rubuta miki ke nan, cewa suna mutuwa a gabana, ke kuma kika aiko min da barka. Wanda na ce yakan ɗan kwanta, shi ne ya bi ƙaramin tun kafin tawadar ta bushe.

Na yi fushi da ke, ba zan ce ban yi ba. Kwana na yi ina tsara miki maganganu a raina, har da waɗanda Gwaggo ba za ta yafe min ba. Amma ina kika taɓa ganin shak? A ina za ki san wannan? Ni ne na sani, kuma ban rubuta shi ɓaro-ɓaro ba. So nake ki karanta ki ce min in sake su, don bakina ya kasa faɗa wa kaina. Ina son in ci gaba da ganinsu da rai, sai na je na nemo wadda za ta ba ni izini, na kuma san wadda na zaɓa.

Naki jariri ne, in ba a riƙe shi ba ya mutu. Nawa da aka farke cikin uwarsu sun riga sun gama zama abin da za su zama, ba abin da suke nema a wurina sai in matsa musu. Da na juye bahon nan a bakin kogi a ranar, wataƙila raga ta kwashe huɗu ta bar ɗaya. Wataƙila ta kwashe duka. Yanzu dai na yi wa ragar aikinta, ba ta ko jiƙe ba.

Wanda ya rage shi ne babbansu. Idonsa na hagu ya yi fari saboda gugar bango. Yana tafiya har yanzu, amma da ƙyar, kuma yadda ya rame ban ga abin da zai iya kamawa a teku ba. In na riƙe shi ya mutu, in na sake shi a haka ya mutu. Na rufe rabin tankin da buhu kamar yadda kika ce, don ban da wata dabarar.

Ba sai kin yi saurin amsawa ba.

Ɗan kawunki


Daga sansanin daji

Yaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Allah ya ƙara wa Kawu lafiya. Ni jikina lafiya.

Ranar da aka gyara gada, direba ya miƙo min wasiƙarka mai labarin ɗebo ruwa da bokiti, na miƙa masa tawa ta murna, ya juya mota. Sai da ya fita daga sansanin na buɗe taka. Na bi motar da gudu ba takalmi, Maƙale yana ihu a wuyana, har inda hanya ta lanƙwasa. Ban cim masa ba. Tun daga ranar na san abin da yake tafe zuwa hannunka, ba kuma yadda zan yi in dawo da shi. Yau ga ta biyun ta zo.

Kada ka ɗauke min laifina, ba na so. Ka tambaye ni a kan kifi na ba ka amsar biri, da gadara kuwa, ko "ban sani ba" ban iya cewa ba. Kai ka rubuta min abin da ka karanta, ni na yi masa dariya. Na ji kunya, na kuma yi kuka, na 'ya'yan nan huɗu da ban taɓa gani ba. Ka sake na ƙarshen. Ko ya ci ko bai ci ba, ka kai shi ruwa, dokata ba tasa ba ce.

Akwai abin da ban faɗa maka ba, don ina ta yi maka bakin babbar malama. Dokar tamu tana da rabi na biyu: in maraya ya fara ci da kansa, sai a mayar da shi garkensu. Maƙale ɗan garken gabas ne. Da aka gyara gada, motar farko da ta hau ta ba tamu ba ce, ta masu katako ce. Makon jiya na je gabas da masu gadin daji. Inda muke tsayawa mu ɗaga kai, yanzu rana ce take dukan mutum a ka, kututture ko'ina, ƙasa duk sawun taya. Mun yi ta kira, mun yi ta sauraro, ba ko motsin ganye. Sauran garke biyun ba za su karɓe shi ba, namiji ne baƙo, kashe shi za su yi.

Ga shi nan ya yi ɓul-ɓul, gashinsa yana sheƙi, yana cin toho da kansa yadda littafi yake so. Na yi komai daidai. Masu gadi sun fara haɗa masa keji babba a bayan ɗakin girki, kuma irinsu ba sa daɗewa a keji. Kai kana da teku ba ka da kifin sakawa, ni ga biri a hannu babu dajin da zan kai shi, ban san wanda ya ci gasar tamu ba. Jiya na ajiye shi a kejin don ya fara sabawa, ya zuro hannu ta waya ya riƙe min riga.

Ka ba 'yar uwata haƙuri, ka ce mata tambayar da ta yi daidai ce.

Ƙanwarka


Daga bakin teku

Uwar Birai,

Sallama. Kowa lafiya, Baba har ya sauko tsakar gida da kansa. Na karanta labarin gabas. Ba ni da abin da zan ce miki a kai, sai dai na karanta, kuma ban iya cin abinci a ranar ba. Maganar laifi mu bar ta, ta ishe mu mu biyu.

Zan ba ki dariya. Ya ci. Kwana ɗaya kafin wasiƙarki ta zo, na jefa guntun jatan lande ba tare da na sa rai ba, na juya ina wanke wuƙa. Da na waiga ya bi ta kai ya wuce, babu guntun. Na sake jefawa ya sake ɗauka. Ya cika miki dokarki, ke kuma kin aiko kin soke ta.

Dogo ya ara min kwalekwale, ya ce in dai zan rabu da abin nan ya huta da ganin fuskata. Ni da maiɗakina muka sa shi a baho, tana riƙe da bakin bahon ina tuƙi, muka wuce bakin kogi da ragoginsa zuwa wani lungu mai yashi inda duwatsu suke hana masu raga shiga. Ruwan a kwance yake, ana ganin ƙasa. Na sauka, ruwa iya ƙugu, na nutsa bahon a hankali na karkata shi. Ya fita.

Ya yi gaba kamar tsawon mutum biyu. Sai ya karya hagu. Ya ci gaba da karyawa har ya dawo ta gabana, ya wuce, ya sake karyawa a daidai inda ya karya da farko. Maiɗakina ce ta fara ganewa. Ta ce, "Faɗin tankin yake bi." Haka ne kuwa. Teku a buɗe a gabansa har inda ido ya ƙare, shi kuma yana kauce wa bangon da babu shi.

Na shiga gabansa na tare, ya kewaye ni ya koma layinsa. Na sa tafin hannu a ƙarƙashin cikinsa na tura shi waje, na bi shi har ruwa ya kawo min wuya. Ya yi gaba kaɗan, ya karya hagu. Maiɗakina ta ce wataƙila makahon idon ne yake jansa, wataƙila in ya huta zai miƙe. Na ce wataƙila. Na yi ta turawa yana dawowa, har yatsuna suka daina jin komai, haƙorana suna haɗuwa. Can nesa masu kwalekwale sun fara fitowa zuba ragar yamma, ruwa kuma ya fara janyewa daga lungun.

Na san za ki tambaya ko ya tafi. Sanyi ne ya fitar da ni daga ruwan. Da muka kai bakin duwatsu na waiga, ɗan fiffiken bayansa yana nan a sama, yana zagaye.

Ɗan kawunki